Hodi Wanzami da Huhun Aro

Hodi taubashina ne, Allah ya jiƙansa. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da na faɗa a kansa ina da izini. Da shi ne ya riga ni riƙe alƙalami, abin da zai faɗa a kaina sai ya fi wannan muni.

Wanzami ne ɗan wanzami. Rumfarsa tana kasuwar Argungu, jikin tawa, zana ɗaya ce ta raba mu. Ni Labbo tela ne, kekena yana bayan zanar. Yana aski, yana cire belu, yana yi wa yara shayi, amma abin da ya kai sunansa Augie da Gulma ƙaho ne. Ga wanda bai taɓa gani ba, aikin ba wani asiri gare shi. Mutum zai tuɓe riga ya zauna ya sunkuya. Wanzami ya kifa masa ƙahon saniya a baya, ya sa baki a ɗan ramin da ke tsinin ya zuƙe iskar ciki, ya tura 'yar jijiyar da ya tauna da harshe ya toshe ramin. In fata ta taso sai ya cire, ya yi 'yan tsage da aska, ya mayar ya sake zuƙa, jini ya taru a ciki. Aska kowa na iya koyo. Zuƙar ce ba a koya wa mutum, ko kana da ƙirjin ko ba ka da shi.

Hodi yana da shi. Ƙahon da ya kafa, mutum na iya tashi da shi ya je ya yi cinikin albasa ya dawo bai motsa ba. A wurin wanzamai kuwa ba abin kunya kamar ƙaho ya saki bayan mutum ya faɗo da kansa. In Hodi yana son ya gama da wani wanzami, ba ya zaginsa, sai ya ce a hankali, “Na ji ƙahonai ya taɓa hwaɗuwa.” Nasa bai taɓa ba, kuma bai bar kowa ya manta da haka ba.

In ya ɗaga ƙahon, sai ya juye jinin a kan yashi. Kafin nan ya daskare ya zama guda. Sai ya sa tsinke ya juya shi, ya kira mai bayan ya ce, “Diba abin da kaka yawo da shi cikin jiki.” Mataccen jini yake ce masa. Duk zaman da na yi kusa da shi ban taɓa jin ya ce wa wani jininsa lafiya lau ba. Masunci, malami, angon da ya kwana uku da aure, kowa mataccen jini. Kuma kowa sai ya tafi yana murna, ya ce jikinsa ya yi sakayau. Shi kansa Hodi ba a taɓa kafa masa ƙaho ba. Wanzami ba ya son jarfa.

Shekarar da aka yi canjin kuɗi ya tafi gaisuwar mutuwa Kwantagora a bayan motar albasa, ƙafafu a naɗe, buhu a kan gwiwa, zuwa da dawowa. Ya dawo da kwaurinsa na hagu a kumbure, da zafi. Ya ce sanyi ne, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da durƙuson da ya saba tun safe har yamma. Ana nan wata rana yana tsakiyar yi wa wani aski sai na ji askar ta faɗi. Na leƙa na same shi dafe da ƙirji, yana neman numfashi, ya yi tari sai ga jini a tafin hannunsa. Ni da matarsa Laure muka sa shi a mota sai Birnin Kebbi. Mai askin, an ce, ya zauna da rabin kai har la’asar yana jiran a zo a ƙarasa masa.

Lokacin duk muna cikin Jihar Sakkwato, kuma abin da ya fi ƙarfin Birnin Kebbi sai a ce a wuce Sakkwato. Mu dai Allah ya sa ba a ce mu wuce ba. Da Hodi ya ɗan farfaɗo, likitan, wani saurayi mai Hausar gabas, ya ja kujera ya yi mana bayani ba tare da gaggawa ba. Ya ce a cikin jinin kowa akwai wasu sinadarai da hanta ke yi, aikinsu su sa jini ya daskare in an ji ciwo, don kada mutum ya tsiyaye. Ya faɗi sunayensu da Turanci, na manta kafin mu kai ƙofa. Ya ce na wasu mutane suna da zumuɗi, ba sa jiran a ji ciwon. Na Hodi sun yi guda a cikin jijiyar ƙafarsa, gudan ya ɓalle ya bi jini har huhu ya toshe hanya.

Na dubi Hodi ina zaton zan ga tsoro. Sai na ga fuskarsa ta washe.

“Abin da nika hwaɗa ma mutane ke nan tun ina yaro,” in ji shi. “Mataccen jini.”

Likita ya ce ba daidai haka ba ne. Ya ce akwai ƙwayar da zai riƙa sha kullum ta rage wa jinin saurin daskarewa, zai riƙa zuwa ana duba jinin, kuma ya kiyayi yanka ko tsaga. Hodi ya ce ai ba sai an wahala ba, shi da gudan jini dai sun san juna, ƙaho za a kafa a fitar da shi. Likita ya ce ƙaho ba ya kaiwa wurin.

“Ƙahon wa?” in ji Hodi.

Ya sha ƙwayar na ɗan lokaci, don Laure na tsaye a kansa. Ran nan yana wasa aska ta taɓa masa babban yatsa. Ɗan ciwon da da can ko dubawa ba zai yi ba, sai ga jini yana ta bin hannu ya ƙi tsayawa. Ya zauna yana kallonsa da raini irin na mai sana’a. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: ƙwayar ba ta fitar da komai, narkar da ƙazantar take yi tana baza ta cikin jiki.

“In datti yah hwaɗa randa, kwashe shi akai,” ya ce da ni. “Ba a dama shi.”

Ni tela ne, kuma gaskiya maganar ta shige ni. Ya bar ƙwayar, bai ɓoye ba. Laure ta yi faɗa har ta gaji. Sannan ya ce in raka shi Gulma wurin wani tsohon wanzami, inda yake zaton ba a san shi ba. Tun daga tasha ake gaishe shi da suna.

A can na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Mutumin da ya tsaga bayan rabin ƙasar Kabi ya tuɓe riga yana gumi. Ya tambayi tsohon ko askar na da kaifi. Ya karɓa ya gwada a gashin hannunsa, ya mayar, ya sake tambaya. Da aka fara tsagar ya karanta duk addu’ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Amma da aka juye ƙahon, gudan da ya fito ya kai hantar kaza, sai Hodi ya manta da komai. Ya karɓi tsinke ya juya shi da kansa, ya ce ga ɓarawon. Muka dawo Argungu yana cewa ya warke.

Kafin a yanke shinkafa ya sake faɗuwa, wannan karon a zauren gidansa, kuma ya fi na farko.

Likitan bai yi masa faɗa ba, ni na so ya yi. Ya saurari labarin Gulma har ƙarshe, sannan ya ce jinin kowa, da ya fita jiki ya zauna, daskarewa yake yi. Mai lafiya da maras lafiya. Ya ce ko jinin wannan ɗan’uwan naka aka tara a ƙaho haka zai yi, ko nawa.

Hodi ya dube ni sama da ƙasa. “Na Labbo ba shaida ba na,” in ji shi.

Likita ya yi dariya, amma bai janye ba. Ya ƙara da abin da ya fi nauyi: wasu hanyoyin huhun sun toshe ke nan, ƙwayar za ta hana ƙari amma ba za ta mayar da abin da ya tafi ba. Da shekaru numfashin zai riƙa gajarta. Na dawo da Hodi gida. Bai taɓa cewa ya yarda da maganar jinin ba, bai kuma taɓa musa ta ba. Ƙwayar dai daga ranar bai sake tsallake ta ba.

Aski bai gagare shi ba, hannunsa na nan yadda yake. Tafiya ce ta fara ba shi wuya. Daga gida zuwa kasuwa sai ya tsaya ya gaisa da mutanen da da can ba ya ko kallo, gaisuwa mai tsawo, hannu a jikin bango. Sai kuma zuƙar. In ya ja ƙaho ɗaya, leɓɓansa su yi duhu, ya zauna yana haki kafin ya iya na biyu. Wata rana na ga ƙaho ya zame a bayan wani Bafulatani, Hodi ya cafe shi kafin ya kai ƙasa. Mai bayan bai sani ba. Hodi ya ɗago muka haɗa ido ta ɓular zana.

Ba zai roƙe ni ba, na sani. Da kasuwa ta watse ya zo ya tsaya kan kekena.

“Wai wanga ƙirji naka,” ya ce, “mi shika yi in ba hayaƙi ba?”

Tun ina saurayi nake shan taba, shi ko ƙamshinta ba ya so. Amma ni ke hawa gangaren gulbi ina magana, shi ba ya iya ƙetare tsakar gidansa ba tare da haki ba. Abin ya ba ni haushi a lokacin, yana kuma ba ni har yau, ban ga adalcinsa ba sai dai in ce Allah ya fi mu sani.

Dabarar mai sauƙi ce, don mai shan ƙaho ba ya ganin bayansa. Hodi zai zaunar da mutum fuska waje, ya kifa ƙahon, ya ƙwanƙwasa shi da bayan aska. Ni kuma in bar keke in zagayo ba takalmi, in zuƙa, in toshe, in koma. Ranar farko na ja da ƙarfin da ya wuce kima, na wuni ina kurkure baki. Sannu a hankali na iya. Abin da ya fi ba Hodi wuya shi ne yin shiru lokacin da nake ja, tunda bakinsa ya kamata a ce yana kan ƙaho. In na koma sai ya ɗan yi haki don a ji ya yi aiki. Wannan kam ba sai ya ƙirƙira ba.

Abin da Hodi bai lissafa ba, rumfar a buɗe take. Mai goro yana gabanmu, masu busasshen kifi suna gefe, ga masu wucewa. Kowa na ganina ina sanɗa ina dawowa, ban da mai bayan. Mai bayan yau kuwa shi ne mai kallon jiya. Hodi mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana duban bayan mutane, har ya ɗauka abin da ba ka gani ba a bayanka bai faru ba. Ni na sani, ban faɗa masa ba. Su ma ba wanda ya faɗa. Mutanen kasuwar nan da in akuya ta yi atishawa sai an kai labarin Augie, suka haɗa baki ba tare da sun yi shawara ba, suka ci gaba da zuwa suna tuɓe riguna. Ban taɓa son mutanen garinmu kamar a shekarun nan ba.

Cikin masu zuwa akwai Dikko, manomin albasa daga Augie. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, in an cire albasa zafi ya shigo. Uban Hodi ne ke yi wa uban Dikko ƙaho, Hodi ne ya yi wa ’ya’yan Dikko shayi. Dikko mutum ne mai sanyin magana, in ya fara jimla kana iya zuwa ka sha ruwa ka dawo. Na ja masa kamar kowa. To, wata shekara da aka gama yana sa riga, sai ya ce, “Hodi, har yau ba ƙirji irin naka ƙasag ga.”

Maganar nan ta ci Hodi shekara guda. Yabon kowa yana iya haɗiyewa, na Dikko ya tsaya masa a wuya. Da albasa ta fara shigowa kasuwa ya ce da ni, “Bana ni ka ja ma Dikko da kaina.” Na ce ba ya iyawa. Laure ta ce in ya faɗi a kasuwa ita ba ta zuwa ɗaukarsa, ƙarya kuwa take yi. Ya daina zuwa masallacin nesa, ya rage magana, wai yana tara numfashi, kamar abin da ake zubawa a rumbu.

Ranar da Dikko ya zo, Hodi ya leƙo ta zana ya ce, “Kak kekenka shi tsaya.”

Na ci gaba da taka keke ba ƙyalle a ƙarƙashin allura, idona a ɓular zana. Dikko ya tuɓe ya sunkuya. Hodi ya kifa ƙaho, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa baki. Jijiyoyin wuyansa suka fito. Ƙahon ya kama, ba sosai ba, amma ya kama. Ya jira, ya cire, ya yi tsaga, kuma tsagar ta yi kyau kamar kullum. Ya mayar don zuƙa ta biyu, wadda ita ce aikin. Ya ja rabi sai tari ya sarƙe shi. Ƙahon ya saki, ya bugi tabarma, ya gangara waje har gaban faifan mai goro.

Nan take kowa a layin ya sami aikin yi. Mai goro ya duƙufa yana yayyafa wa goronsa ruwan da ya riga ya yayyafa. Ni ma ƙafata ta tsaya ban sani ba. Ba a jin komai a rumfar sai hakin Hodi.

Dikko bai juyo ba. Jini na bin bayansa a hankali. Ya ce, da sanyin nan nasa, “Hodi, bari Labbo shi taho shi ja. Kai riƙa askakka.”

“Wane Labbo?” in ji Hodi.

“Naka na bayan zana. Ai ko bara shi yaj ja. Duk sadda ƙaho za shi kama, sai kekenai shi yi kurum.”

Hodi ya jira numfashi ya zo masa. “To mi yas sa kac ce ba ƙirji irin nau?”

“Ai wagga gaisuwa ta, Hodi.”

Alheri Dikko ya nufa, na sani. Amma a lokacin da ina da iko da na ɗinke masa baki. Na je na ɗauko ƙahon, na wanke, na kifa, na ja. Hodi ya ƙarasa aikin, ya goge bayan, ya juye gudan a yashi. Bai kira Dikko ya duba ba, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe.

Na raka shi gida, zabirarsa ta kayan aski a kafaɗata. Da muka tsaya a bangon farko ya ce, “Dikko ɗai yas sani?”

Na ce a’a.

“Mai goro?”

“Shi ma.”

Muka ƙara gaba, muka sake tsayawa.

“Duk kasuwa?”

“Har mutanen ƙauye.”

“Kuma suna zakkuwa.”

“Suna zakkuwa.”

“Ashe sadaka nika amsa,” ya ce.

Na ce masa mai ba da sadaka ba ya tuɓe riga ya miƙa maka bayansa kana riƙe da aska. Na ce in tausayi ne da goro za su aiko masa gida su huta. A ƙofar gida ya karɓi zabirar ya shige ba sallama. Na tsaya a waje, tsoro ya kama ni, don na san Hodi zai iya zama da rabin huhu, amma ban san ko zai iya zama da wannan ba.

Ran kasuwa na buɗe rumfata, tasa wayam. Wani manomin shinkafa daga Gulma ya zo ya zauna jira. Na ce masa mai yiwuwa yau ba a aiki, ya ce ba ya sauri. Rana ta ɗaga sosai, har na fara tunanin abin da zan ce wa Laure. Sai ga Hodi yana tafe a hankali. Bai tsaya gaisawa da kowa ba, inda numfashi ya ƙare masa sai ya tsaya kawai a fili, ya huta, ya ci gaba.

Bai dube ni ba. Ya kwance zanar da ke tsakaninmu ya naɗe ya jingine. Ya zaunar da mutumin Gulma, ya shafa bayansa ya zaɓi wuri, ya kifa ƙaho. Na zuba kunne ina jiran ƙwanƙwasar aska. Sai ya ɗaga kai, ya ɗaga murya yadda mai goro da masu kifi za su ji.

“Labbo,” ya ce.

Numfashin bai kai shi ƙarshen maganar ba. Ya tsaya, hannu ɗaya a kan ƙaho, duk layin na jiransa.

“Taho ka ja.”

Na ajiye wandon da nake ɗinki, na sa takalmina, na je.